Rasuwar Ɗan Maƙalin da Ke Bayan Tela

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙafa mai cike da zogi, Tela na ƙarshen layi yake sanar da 'yan'uwa da abokan sana'a rasuwar ɗan maƙalin da ke riƙe da waya a gadon bayansa. Ya cika ranar Talata da hantsi, yana da kwana talatin da takwas a duniya.

Ga wanda bai san marigayin ba: likitoci ne suka zura siririyar waya kusa da lakar Tela, tana kai ɗan lantarki daga wani ƙaramin batir don ta danne ciwon da ya hana shi taka keken ɗinki shekara tara. Marigayin aka ɗinke a jikin nama ya riƙe ta kada ta goce. Bai kai maɓallin riga ba. Bai taɓa ƙorafi ba. Iyakar maganarsa wani zirrr mai laushi da ke gangarawa har ɗan yatsan ƙafa.

Likita ya ce mako shida babu sunkuyo, babu ɗaukar abin da ya fi buta nauyi. Saura kwana huɗu wa'adin ya cika, Inna, mahaifiyar Tela, ta zame a ƙofar banɗaki, ba kowa a gidan sai shi. Ya sunkuya ya ɗauke ta. Ya ji ɗis. Kafin la'asar zirrr ya ƙaura haƙarƙari, inda babu mai nemansa, ciwon kuma ya dawo gidansa.

Tela ya juya maganar ya sake juyawa, bai sami mai laifi ba. Marigayin bai ci amana ba: nauyin buta aka yi masa alkawari, aka ɗora masa uwa. Tela kuwa da za a maimaita, da ya sake sunkuyawa. Wannan ne ya fi ci masa rai, don ko nadama ba shi da ita da zai biya marigayin.

Marigayin ya bar waya ɗaya da ta ɓace hanya, da batir mai cikakken caji da ba shi da aikin yi.

Za a ciro gawar ranar Alhamis a ɗakin tiyata. Likita bai yi alkawarin magajin marigayin zai dace da wurin ba. Zaman makoki a shago ne, ba a gida ba, domin har yanzu Inna tana gaya wa maƙwabta, "Ɗana ya warke, cak ya ɗauke ni kamar jaririya!" Duk wanda ta tambaya dalilin komawa tiyata, ya ce zare ne ya tsinke don kansa. Alhakin ƙaryar yana wuyan Tela.