Karan Awon Kabarin Bappa

Ranar da Bappa, yayan mahaifina, ya rasu a Sahuda, ni na jagoranci masu haƙa kabari. Liman ya miƙo mini karan dawa in je in auna gawar, kamar yadda aka saba.

Na ce, "Allah gafarta Malam, ba sai an auna ba. Shekara ashirin ina ganinsa yana shiga ɗakinsa, kansa bai taɓa taɓa saman ƙofa ba." Na auna ƙofar, na ce a haƙa daidai ita.

Abin da na manta, duk shekarun nan a duƙe yake tafiya, yana dogara sanda. Da aka yi masa wanka aka miƙar da shi, sai ga dogon mutumin da tsofaffi ke ba mu labari.

Aka kawo shi, kabari ya gaza. Aka ajiye makara a inuwa, jama'a na tsaye cikin rana, ni ina cikin rami da diga ina ƙara masa tsawo.

Har yau in na je gaida Goggo, ƙanwarsa, sai ta gyara zama ta ce, "Dube ni da kyau, ɗana. Amma in ranar ta zo, ka karɓi karan."