Ranar da Na Turara Tanti

Ko tsufa ya zo ya kwashe min tunani, ba na jin zan manta da Asabar ɗin da muka je camping, wato kwana a tanti a fili. Tun saura sati biyu nake cikin zullumi. Maigidana Baban Ilham ne ya dawo daga jami'a ya ce iyalan Hausawan Birmingham sun shirya kwana biyu a wani fili a bayan gari, mu ma za mu same su daga Manchester. Na ce muna da flat ɗinmu a Cheetham Hill, da hitar ɗumama ɗaki da banɗaki, mu tafi mu kwana a ciyawa? Na kawo maganar maciji, na kawo ta sanyi, duk ya amsa yana dariya. Abin da ban faɗa masa ba, matan nake tsoro. Wannan likita, wannan akanta, waccan tana PhD. Ni kuwa a aji uku na sakandare na tsaya, Turancina na sayen tumatir ne. Na ƙudurta ko ba zan iya hira da su ba, ba wadda za ta shiga tantina ta ce ni ƙazama ce.

Muka isa da hantsi. Wurin tsaf, ga famfo, ga banɗaki har da ruwan zafi (sau biyu na leƙa don in tabbatar). Maza suka kafa tantuna. Ina shiga namu, wanda muka aro, wari ya tare ni: roba, danshi, da wani abu kamar tsohuwar safa. Sai ga Anti Bilkisu, likitar da ta shirya tafiyar, ta leƙo.

"Maman Ilham, bayan la'asar a wajenki za mu sha shayi fa, tantinki ya fi girma."

Na tuna warin nan. Amma na zo da shirina, don kaskon turarena na cikin tukunya a ɓoye. Na lallaɓa wajen da maza ke gashin nama na ɗebo garwashi, na zuba turaren wutar da Umma ta aiko min, ban yi rowa ba. Na ajiye a tsakiyar tanti, na fito na zuge ƙofa ruf, yadda ake rufe ɗaki don ƙamshi ya kama. Na koma gefe na zauna ina jin kaina.

Ba a jima ba hayaƙi ya fara fita ta kowace kafa. Wani dattijon Bature a tantin kusa ya kurma ihu, "Fire!" Kafin in miƙe ya suri bokiti. Mai kula da filin ya taho a guje, Baban Ilham ya jefar da tsinken nama yana kiran sunan 'yarsa (tana can tana kallon tumaki). Ni kuma ina bin su, mayafi a hannu, ina cewa, "No fire! Perfume! Is perfume!"

Wa zai saurare ni? Aka zuge ƙofa, aka sheƙa bokiti uku. Barguna, katifa, dambun nama, cincin, komai ya jiƙe sharkaf. Dattijon ya fito da kaskon a hannu yana tari, ya ce wai ƙamshin "lovely". Ilham ta iso, ta dubi tantin, ta sanar da jama'a da Turancinta na Manchester: "Mummy cooked the tent!" Na so ƙasa ta tsage in shige.

Anti Bilkisu ta ja ni gefe, ba dariya a fuskarta.

"Ƙanwata, garwashi a cikin tanti kisa yake yi. Iskar da yake fitarwa ba a ganinta, ba a jin warinta. Da kin kwantar da yarinya a ciki fa?"

Hawaye suka zubo min. Ta bari na share, sannan ta rage murya.

"To yanzu, turaren nan da saura? Wallahi shekara uku nake neman irinsa."

A tantinta muka sha shayin, a nan ni da Ilham muka kwana. Ashe matan nan Hausa suke yunwar yi. Muka yi hirar gida har cikinmu ya yi ciwo don dariya, mai PhD tana rubuta yadda ake haɗa humra daga bakina. Ilham ta wuni tana guje-guje, ko sau ɗaya ba ta nemi waya ba, ko atishawa ba ta yi ba. Babanta ya zauna da mu awa guda cur ba laftof a cinya.

Na gane duk abin da na ji tsoro bai zo ba, abin da ya kusa yin ɓarna ni na kawo shi a cikin tukunya. Don haka in an gayyace ku, ku ɗauki yaranku ku tafi, amma kasko ya zauna a gida. Kuma don Allah, in kun gamu da ni a hanya, sunana Maman Ilham. Hajiya Gobara da matan Birmingham ke kira ba ni ba ce.