Yadda Za Ka Yi Zaɓen Fid da Gwani Ba Ka Rasa Yaya ko Suruki Ba

Jam'iyyarku za ta tsayar da ɗan takarar shugaban ƙasa, ta dare gida biyu, kai kuma tsautsayi ya sa kana cikin wakilai masu ƙuri'a. Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan bakwai, na ba ka tabbacin za ka fito daga zauren taro da zumuncinka ko ƙwarzane babu. An gwada su a kan maƙwabcina mai aski, kuma har yau gidaje biyu ke aiko masa da abinci.

Mataki na 1: Duba danginka, ba manufa ba

Masu sassauci, 'Yan Sannu ke nan, sun ce a tsayar da wanda zai iya zama da kowa. Masu tsauri, 'Yan Ba-Ja, sun ce zama da kowan nan ne ya lalata jam'iyya. Kada ka wahalar da kanka kan wa ya fi gaskiya, ba don tunani aka ba ka katin wakili ba.

Mai aski ya duba. Surukinsa, tsohon hedimasta, wanda yake kira Baba, ɗan Sannu ne har ɓargo. Yayansa direban tirela, wanda ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsu, ɗan Ba-Ja ne, ya kuma ce in ƙuri'ar nan ta tafi wurin masu sanyin jiki, to ƙanin ya manta hanyar gidansa. Matar mai aski kuwa sai ta sauko da babban akwatinta daga saman sif ta goge shi tsaf.

Mataki na 2: Haddace "ai kuwa"

Kalmomi biyu ne, ba su taɓa kai kowa ƙara ba. Ɗan Sannu ya ce masu tsauri za su kai jam'iyya rami? Ai kuwa. Ɗan Ba-Ja ya ce masu sassauci sun sayar da gida? Ai kuwa. Bambancin a wuya yake: ga na farko ka gyaɗa kai a hankali, ga na biyu ka gyaɗa kamar za ka tsinke shi.

Mataki na 3: Kada su haɗu a wurinka

Mai aski ya ba Baba safiya, ya ba Yaya yamma. Ran nan tayar tirela ta fashe, Yaya ya faɗo shago da hantsi, Baba na kan kujera. Mai aski ya ɗauki tawul mai ɗumi ya lulluɓe fuskar surukinsa har kunnuwa, ya ƙure rediyo, ya bar shi a haka minti ashirin, Yaya na tsaye yana zazzaga wa 'Yan Sannu rashin mutunci. Da aka yaye tawul, Baba ya ce tun da yake bai taɓa jin daɗin aski irin na yau ba.

Mataki na 4: Yi alkawari, kada ka kama suna

Ka ce, "Ƙuri'ata tana inda kake zato." Kowa zai tafi yana sa maka albarka. Ai ƙuri'ar a ɓoye za a kaɗa ta, kuma ba a taɓa jin akwatin zaɓe ya kai gulma gidan suruki ba.

Mataki na 5: In an sauya doka, kama ciki

To, a nan ne gwanaye ke faɗuwa. Da safe, zaure ya cika, shugaban kwamiti ya hau mumbari ya ce 'Yan Ba-Ja ba su yarda da akwati ba, 'Yan Sannu kuma, kamar kullum, sun amince don a zauna lafiya. Ƙato bayan ƙato za a yi. Aka kafa hoton ɗan takara ɗaya a dama, ɗaya a hagu, kowa ya je ya tsaya a bayan gwaninsa, jama'a na ɗauka a waya.

Mai aski ya ji tsoro, tsoro na gaske. Ya kalli dama ya tuna akwatin matarsa, ya kalli hagu ya tuna hannun da ya ciyar da shi shekara goma sha biyu. Kada ka tsaya kallo kamar shi. Dafe cikinka, yamutsa fuska, tambayi mai gadi ina bayi. Tafi a hankali, masu gudu su ake ganewa.

Mataki na 6: Kada ka yi mamakin wanda ka tarar

Layin bayi ya fi na 'yan takarar biyu tsawo, ya zagaye har wajen ajiye motoci, kowa dafe da ciki. Mutumin da ke gaban mai aski ya waiwayo: Baba ne. Kafin a gama sunkuyar da kai, wani ya zo ya tsaya a baya, hula ta rufe gira: Yaya ne. Su ma wakilai ne, ashe Yaya ma yana da suruki, suruki ma yana da Yaya.

"Baba, ya jikin?" in ji mai aski.

"Da sauƙi. Ina jin ruwan nan da aka raba mana ne."

Yaya ya gyara hula, ya gyaɗa kai a hankali. "Ai kuwa."

Haka suka tsaya su uku har aka gama ƙirga, babu wanda ya shiga.

Mataki na 7: A gida, faɗi gaskiya

Akwati na bakin ƙofa da ya dawo. Matar ba ta bari ya cire takalmi ba.

"Maigida, a bayan wa ka tsaya?"

"Wallahi a bayan Baba na tsaya, tun farko har ƙarshe."

Ta kira mahaifinta a gabansa ta tambaya. Tsohon hedimasta ya ce, "Gaskiya ya faɗa miki. Ki riƙe shi da kyau."

Akwati ya koma saman sif. Yaya kuwa duk wanda ya tambaye shi labarin ƙaninsa, cewa yake layinsu ɗaya.

Gargaɗi: Wanda ya ci zaɓen ba ruwan wannan darasi da shi, tambayi 'yan tsirarun da suka tsaya. Kuma na ji an ce a taro mai zuwa kwamiti zai sa wa bayi kwaɗo kafin a fara. In hakan ta faru, ban san ka ba, ban taɓa ba ka shawara ba, in ka tare ni a hanya ka ce na cuce ka, amsata ka riga ka san ta.