Rasuwar Gajera, Kujerar Layin Sabulu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da gwiwoyi masu cike da ruwa, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar aminiyata, kujerar katakon nan da kowa ya sani da Gajera. Ta rasu ranar Litinin da hantsi a ɗakin naɗe sabulu, a gaban manaja da ma'aikata sittin, bayan ta shafe shekara ashirin da shida tana ɗauke da ni ba ta taɓa neman hutu ba.

Baba Kafinta na masana'antarmu ne ya haɗa ta da ragowar katakon akwati, a shekarar da aka ɗauke ni aiki. Tun haihuwa ƙafarta ɗaya ta gaza sauran, muna tallafa mata da kwali ninki huɗu. Marigayiya mai haƙuri ce. Ta ɗauke ni ina siririya, ta ɗauke ni da cikin autata, ta ɗauke ni bayan jiki ya buɗe, ba ta taɓa kai ƙarata ba. Magana ɗaya ta iya a duniya. In na zauna ta ce "ƙiii", in na tashi ta ce "ƙiii", kuma ban taɓa jin ta yi gulmar kowa ba.

Ciwon ajali ya shigo mata ranar da kamfani ya kawo wani ƙwararre mai takalmi mai tsini, wanda muka laƙaba wa Mai Agogo. Kwana uku bawan Allah yana tsaye a ƙeyarmu yana danna agogo. Daga ƙarshe ya gano ɓarnar da ke hana kamfani ci gaba: tashi daga kujera yana cinye sakan huɗu. Aka hana zama, aka loda kujerun ɗakin a mota. Rahoton kuwa a zaune ya rubuta shi, kan kujera mai juyawa.

Ni shekarata sittin da huɗu. Na gwada tsayuwar kwana biyu, a na uku sai da aka riƙe ni zuwa bakin titi. Ashe Iya Mai Gam, maƙwabciyata a layi, ta ɓoye Gajera a bayan buhuna. Aka kai ta wurin Baba Kafinta ya yi mata aiki, ya ƙara wa ƙafafunta tsawo, Iya kuma ta ƙara wa rigar aikina yadi har ƙasa. Da yake Allah bai ba ni tsawo ba, in na ɗare kanta na saki riga, ko uwar da ta haife ni za ta rantse a tsaye nake.

Mako uku muka yi haka. Hannuna ya saki, ina naɗe sabulu fiye da 'yan matan da na girme wa iyayensu. Mai Agogo ya ji daɗi har kunne. Ya ɗauki hotona ya manna a allon sanarwa, ya rubuta a ƙasa cewa ga shaida, tsayuwa tana ƙara wa tsoho kuzari.

Ranar Litinin ya tara jama'a, ya kira ni in fito in karɓi takardar yabo. Aka yi tsit. Na yunƙura a hankali, ina roƙonta a zuci ta rufa mini asiri sau ɗaya tak. Amma marigayiya ba ta iya ƙarya ba. Ta ce "ƙiii", rigar ta maƙale a ƙusa, Gajera ta kife a tsakiyar fili, ɗaya daga ƙafafun da aka ƙara wa tsawo ta ce "ƙwas". Wannan ce maganarta ta ƙarshe.

Ta rasu ta bar gwiwoyi biyu marayu, da ƙugu ɗaya da bai san kowa ba sai ita. Ta bar Iya Mai Gam da takardar gargaɗi, da Baba Kafinta da aka ce ya huta haka nan, an gode. Ta bar jikokina uku, 'ya'yan marigayiya babbar 'yata, waɗanda ba su taɓa ganinta ba amma a kanta ake nemo abin da suke ci. Ni kuma an ba ni zuwa ƙarshen wata in nuna zan iya awa takwas a tsaye. Tsoro nake ji, ba na ɓoyewa.

Za a yi mata sutura da buhun sabulu, a raka ta motar shara ranar Alhamis, cikin hutun minti goma. Ana roƙon masu rakiya kada su makara, domin ana duba agogo. Babu zaman makoki, kasancewar an hana zama. Hotona yana nan a allo ga mai son yin ban kwana, har yau ba a samu mai sakan huɗun cire shi ba.

Masu ta'aziyya su same ni a layi na uku, jingine da bango, kafin wata ya ƙare. Bayan nan manaja ya ce zan samu wurin zama a gida, har sai ya ishe ni.