Kyamarar da Ta Ƙi Magana

"…lafiya lau, tsohuwa. Ya ƙafar?"

"Ƙafa tana inda ka bar ta jiya. Kai dai buɗe min akwatin nan naka in ga 'yar'uwata."

Haka Hajiya Kulu ta katse gaisuwar jikanta Awaisu, a ƙarƙashin rumfar tsakar gidanta da ke Dayi. An gama cire masara, azahar ta wuce, kurciyoyi na ta kuka a kan katanga, irin lokacin nan da mutum ba barci yake ba, ba kuma ido biyu ba. Awaisu hoto yake ɗauka a wani shago a Funtua. Aikin biki ne ya kai shi Mahuta, ya ratsa gidan Sa'adiya, yayar Hajiya da ake kira Sa'ade, ya ɗauke ta hoto, sannan ya zo Dayi ya kwana. An daɗe ƙwarai rabon tsofaffin nan da ganin juna: Hajiya ciwon gwiwa ya hana ta shiga mota, yayar kuma tana kwance. Idon Hajiya kuwa ba ya kama komai a ɗan gilashin bayan kyamara, sai an faɗaɗa mata a kwamfuta, ita kuma kwamfutar ta wuni wurin mai caji a bakin titi. Ga shi kyamarar ta mai shagon ce, dole ta kwana Funtua yau, gobe a share abin da ke cikinta a tafi wani bikin.

Awaisu ya jona wayar da ke haɗa kyamara da kwamfuta, ya kunna kyamara, ya buɗe manhajar kwashe hotuna. Ta yi ta juyi, ta yi ta juyi, can ta rubuta abin da ta rubuta.

"Me ta ce?" in ji Hajiya.

"Wai ba ta ga kyamara ba."

"Ga ta a gabanta kamar tulu? Ashe akwai wadda ta fi ni makanta a gidan nan."

"Ba a yi ta ba tukuna. Ke da aka ce kin gai da buhun taki, har kina tambayarsa iyali."

"Ya fi ka ladabi. Shi bai mayar min da magana ba."

Ya kashe kyamarar ya sake kunnawa. Ya zare wayar daga wannan ramin ya mayar wancan, ya hure ramin, ya duba batir ya ga a cike yake. Kwamfuta ta yi kamar ba da ita ake ba.

"Kunya take ji," Hajiya ta ce, tana kishingiɗa. "Ka kawo yarinya baƙon gida, ba ka sayi baki ba, ka ce ta yi magana?"

"Ke da aka kawo ki gidan nan, an ce tun daga zaure kike surutu. Sai da aka biya ki kika yi shiru."

"Ƙaryarka, angon banza. Kwana da kwanaki na yi ban ɗaga kai ba. Kai ne dai miji ba cefane, sai jaka a kafaɗa kamar mai tallan turare."

"Jakar nan ce za ta kai ki Makka karo na biyu."

"A cikinta za ka sa ni?"

"Ai za ki shiga. Kullum ƙara tsukewa kike yi."

Ta yi dariya ƙasa-ƙasa, ta lumshe ido. Shi kuwa ya shiga cikin saitin kyamara yana laluben inda ake gaya mata cewa da kwamfuta za ta yi hulɗa. Ya samu, ya danna, ya rufe manhajar ya sake buɗewa. Yana jira sai ya ji muryarta ta sauya, ta yi laushi, kamar daga wani gida take fitowa.

"Daren jiya na yi mafarkinta. Muna tsallaka rafi, ta goya ni, ruwa ya kai mata ƙugu. A ƙetare gonar audugarmu ce, ta fashe fari fat har iyakar gani. Tana cewa, Kulu, riƙe ni da kyau. Kitsonta sabo, yana ƙamshin man shanu. Ka san Yaya Sa'ade ba a yi mai wuya irin nata ba a ƙauyenmu. In ta ɗauko tulu, har tsofaffi sai sun daina hira."

"Ke fa?"

"Ni in na ɗauko, samari ke faɗawa rijiya."

"Gudu suke yi, tsohuwa."

Inuwar katanga ta fara miƙewa zuwa bakin tabarma, kuma Awaisu ya san motocin Funtua ba sa jiran wanda ya kai magariba. Rahar da yake yi ta baki ce kawai. Ya ga yadda Sa'adiya ta rame, ya kuma san ba lallai ne a sake samun wata ranar ɗaukar hoton ba.

Ya ja wayar ta cikin yatsunsa yana neman inda ta karye. Sai ya tsaya, ya ɗaga ta sama, ya dube ta tun daga kai har wutsiya.

"Hajiya."

"Na'am, maigida."

"Wayata kauri gare ta, tana da wani ƙulli a wuya. Wannan siririya ce kamar taliya. A ɗakin wa jakata ta kwana?"

"Baƙa ka kawo, baƙa ka tarar."

"Ta mece ce wannan?"

"Ta cajin tocilata ce. Kullum tana aiki, ba ta taɓa yi min gardama ba."

"Wuta kaɗai take kaiwa, ba ta ɗaukar hoto. Ina tawa?"

Hajiya ta gyara ɗankwali, ta dubi kurciyoyi, ta dubi kajinta. Duk wanda ya san ta ya san in ta fara duban kaji, to akwai magana.

"Tana madafa. Ka taɓa ganin igiya mai kyau irin wannan? Ba ta tsinkewa, ga ƙulli an yi mata tun daga kamfani, ɗauri ba ya zamewa. Na ce wannan ai ta rataye iri ce."

Ya miƙe ya shiga madafa. Can saman murhu, inda kowace tsohuwa ke rataye zaɓaɓɓun goyon masara don hayaƙi ya kore musu ƙwari har damina, ga irin Hajiya yana lilo, an ɗaure shi tam da wayar kyamarar mutane. Ya kwance, ya fito da masara a hannu ɗaya, waya a ɗayan, duk ta yi baƙin hayaƙi, ta kanannaɗe.

"Tun asuba take shan hayaƙin ɗumame," ya ce. "In ta ƙone a ciki, shi ke nan. Babu irinta a Dayi."

A nan raha ta ɗauke wa Hajiya. Ta tashi zaune sosai, ta karɓi masarar ta rungume a cinya, tsoro ya fito ƙarara a fuskarta.

"Awaisu," ta ce, kuma ba ta cika kiran sunansa ba. "Da hannuna na hana kaina ganinta?"

"Tsaya tukuna. Wadda ta auri gwani ba ta kuka da wuri."

Ya goge bakin wayar da gefen rigarsa, ya hure, ya miƙar da ita a hankali, ya yi bisimilla ya jona. Shiru. Sai kwamfuta ta yi ɗan ƙara, hotuna suka fara shigowa ɗaya bayan ɗaya, amarya da ƙawaye da tukwanen biki. Ya wuce su duka, ya buɗe na ƙarshe, ya cika fuskar kwamfutar da shi, ya ɗora mata a kan matashi.

Hajiya ta matso har hancinta ya kusa taɓa gilashi. Wata tsohuwa ce zaune a bakin gado, an jingina ta da bango, kumatu sun faɗa, tana murmushi da baki a rufe. Ta daɗe tana kallo.

"Wannan ba Yaya ba ce," ta ce a hankali. "Inna ce. Wallahi Innarmu ce. Ga goshin, ga yadda take karkata kai in za ta yi dariya." Ta sa yatsa ta shafa gilashin. "Ta rasu ko hoto ɗaya ba a yi mata ba. Na fara manta fuskarta, ban gaya wa kowa ba."

Awaisu ya bar ta sai da ta share ido da bakin mayafi.

"To ke da kike ganin har yanzu budurwa ce ke," ya ce, "ita ma Hajiya Sa'ade da na nuna mata hancina, cewa ta yi na Kulu ne, Kulu kuwa duk ta fi su kama da Inna."

"Ta faɗi haka?"

"Ta ƙara da cewa kin fi ta muni."

Dariya ta ƙwace wa Hajiya, hawaye na zuba. "Ka ci, maigida, yau ka ci. Je ka kama jan zakaran can, naka ne." Ya yunƙura zai tashi, ta riƙo rigarsa. Ta ajiye masarar gefe, ta gyara zama, ta fuskanci hasken yamma.

"Ɗauke ni tukuna, kafin ka mayar musu da abarsu. Kar kuma ka yi min gyaran nan da kuke yi wa amare, ka bar min tamojina yadda yake. Ka kai wa Yaya, ita ma ta ga Inna."