Cindo da Muturun Gwamma

A wani ƙauye na bakin kurmi akwai wata tsohuwa, Gwamma, da ɗanta Cindo, ƙato har da gemu, wanda in ka ce masa zauna, to sai ka dawo ka ce masa tashi. Dukiyarsu kaf karsana ɗaya ce, muturu, irin gajerun shanun nan marasa tozo da ƙudan tsando ba ya kayarwa. Ita kaɗai ta rage daga garken marigayi mijinta, in ta mutu iri ya ƙare. Ciwon ƙafa ya hana Gwamma kiwo, don haka duk ranar da Cindo ya fita da ita, gaban tsohuwa faɗuwa yake yi har su dawo.

Wata rana ta ce ya bi karsanar duk inda ta nufa. Ta shiga gonar dawar Barau, maƙwabcinsu, Cindo ya bi ta daga kunya zuwa kunya, tana ci yana rakiya. Barau ya rantse in ya sake ganinta sai wuƙa.

Wata rana Gwamma ta ce ya ɗaure karsanar a inuwa. Inuwar tsamiya na matsawa, gogan naka na tuge turke yana sake kafawa, har magariba. Baiwar Allah ko ruwa ba ta sha ba, ta dawo tana layi. Gwamma ta kasa cin tuwo.

Wata rana karsana ta fara neman barbara. Lokacin an kawo wani jibgegen bijimi ɗan ƙasar waje garin gaba, kowa na kai tasa. Gwamma ta ce, “Nufi can da ita. Da ta tsaya wa bijimi, ka juyo gida.”

Kafin hantsi sai ga su. Wai a hanya ta tsaya wa wani ƙanƙanin bijimin muturu na wani tsoho, shi kuwa ya juyo. Gwamma ta yi kuka, ta ce ya yi mata asarar shekara.

Da haihuwa ta zo, ƙananan shanun da aka kai wa jibgegen suka kasa, ’ya’yan sun fi ƙarfinsu. Ta Barau ta mutu da ɗa a ciki. Kullum Gwamma na zaune gindin turke tana kallon cikin karsanarta.

Wata safiya ta dogara sanda ta fito, ta tarar da ɗan maraƙi a tsaye yana tsotso, uwar na lasar sa. Ta zube a ƙasa tana hawaye.

Cindo ya durƙusa kusa da ita. “Yi haƙuri, Inna. Ni ma na ga ya yi ƙanƙanta.”

Ta ce, “Bar min shi haka, ɗan albarka.”