Rasuwar Bebiya, Talabijin ɗin Falo

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika, marubuciyar gidan nan ke sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar tsohuwar talabijin ɗinta, wadda aka fi sani da Bebiya. Ta cika ne da hantsin Talata, a kan teburinta na kusurwar falo, bayan doguwar jinya.

Marigayiyar ta samu wannan suna ne tun damunar da tsawa ta ɗauke mata murya. Hoto yana nan garau, amma ban da wani siririn "ziiii" idan ta ɗauki zafi, da "ƙas" idan an kashe ta, ba a ƙara jin bakinta ba. Ba ta taɓa katse wa kowa magana ba, halin da ya yi ƙaranci ko a cikin mutane.

Alherinta ya fito fili lokacin da mahaifin marubuciyar, tsohon tela, ya dawo gidan da zama bayan mantuwa ta fara cinye shi. Yakan nemi almakashinsa a cikin firji. Yakan kalli 'yar cikinsa ya gaishe ta da ladabi, kamar matar da ta kawo ɗinki. Amma da an kunna Bebiya an saka fim, sai ya gyara zama ya ce, "Auta, ke ɗauki matar, ni zan ɗauki mai gashin bakin." Su biyun sai su yi ta saka wa 'yan fim magana a baki. In Auta ta zuba wa matar dogon jawabi, ya tsayar da ita: "A'a. Dubi yadda take murza zobenta. Wadda ke murza zobe ba ta faɗin abin da ke ranta." Marubuciyar tana shaida cewa duk wata hira mai rai a littattafanta na baya-bayan nan, a gaban marigayiyar aka yanka ta aka ɗinka.

Ciwon ajali ya fara da fuskoki suna komawa kore. Daga nan hoton ya tsuke ya zama layi ɗaya, layin ya zama ɗigo, sai ƙaurin waya. Mai gyara ya buɗe bayanta, ya daɗe yana kallo, ya mayar da sukurorin bai ce a sayo komai ba.

Yayan marubuciyar ya aiko da sabuwa, shafal, mai faɗin ƙofa. Baba ya ce mutanen ciki sun cika surutu, ba sa barin babba ya saka baki. Aka kashe muryar. Ya leƙa, ya ce shi bai san waɗannan ba, ya juya kujerarsa. Tun ranar bai sake cewa Auta ba. Ita kuma ta bar mutum biyu tsaye a bakin ƙofa a babin ƙarshe na littafinta, ta rasa abin da za su ce wa juna.

Marigayiyar ta bar rimot ɗaya ɗaure da roba, da eriya mai karyayyen kunne, da mayafin leshi da take rufa da shi, da dattijo guda wanda har yanzu yake zama gabanta bayan la'asar yana jira ta yi zafi ta kawo hoto.

Za a fitar da gawar ranar Asabar da safe, a baron mai sayen tsofaffin ƙarafa, ta ƙofar baya, lokacin da Baba yake wanka. Ba za a yi zaman makoki ba, don ba a gaya masa ba, kuma ana roƙon kada kowa ya gaya masa. Wanda ya zo gaisuwa ya shigo da fara'a, ya zauna kusa da shi. In ya nuna teburin ya tambaya, a ce tana wurin gyara.